Gadon Hassana a Bayan Akori-kura

Na ji abin da kuke faɗa, ku 'yan matan da iyayenku ke turo mini koyon aiki. Kun ɗauka kunnena ya tsufa tare da gwiwata. Wai aikin Inna Kulu tsumma ne da ruwa, duk wanda ya ga an yi sau ɗaya ya iya. Wata cikinku har cewa ta yi me zai hana a kai wa Baba Bawa, ƙanen maigidana, ya fesa da inji kowa ya huta. To ku gyara zama. Ban iya riƙe biro ba sai da furfura ta fara yi mini sallama, a ajin yaƙi da jahilci, kuma tunda na sha wuya na koya, zan rubuta muku wannan ku karanta. In kun gama ku zo ku sake gaya mini tsumma ne da ruwa.

Aikina na farko guntun katakon maɗaci ne, bai fi faifai girma ba. Maigidana kafinta ne a nan Jega, shagonsa na jikin zaurenmu. Wurin haɗa gado da kabad hannunsa ba shi da na biyu, amma shi da folish ba sa shiri, don shi mutum ne mai gaggawa. Ga kuma garin katako da ke tashi a shago yana sauka kan aiki tun bai bushe ba. Shi ya sa in ya gama haɗa kaya sai a shigo da su cikin gida, wani ɗaki da ba kowa, ya shafa a can. Ni kuwa ina daka ina kallonsa ta ƙofa. Ran nan na kasa haƙuri, na ce, "Malam, wanga abu da kaka yi, ko ƙwaryar hura ba a goge ta hakanan." Ya ɗauko guntun katakon ya ajiye gabana, ya ɗora tsumman a kai, ya fita.

Damina guda na yi a kan katakon nan. In na shafa har na ga ya fara kyau, sai ya shigo ya karkata shi wajen haske, ya sa samfefa ya kankare duka, ya miƙo mini. Ba ya faɗa, ba ya yabo. Ni ce mai faɗan, ni kaɗai, da katako.

Ga abin da kuke ce wa ruwa. Ƙaro ne da ake kawowa daga Kano a takarda, siriri, ja-ja, kamar busasshen ɓawon albasa. A zuba shi a kwalba, a jiƙa da sifirit, a riƙa girgizawa har ya narke, a tace. Ga kuma abin da kuke ce wa tsumma. Auduga ce ake dunƙulewa kamar ƙwan zabuwa, a naɗe ta cikin tsohon farin ƙyalle wanda ya sha wanki har ba ya zubar da zare. Ni dunƙule nake ce masa. Ba a tsoma shi cikin folish. Buɗe shi ake yi a ɗiga a cikin audugar, a sake naɗewa, don ya riƙa tsatsowa kaɗan-kaɗan. A ɗiga masa man keken ɗinki a baki don kada ya kama. Sannan a fara zagaye kamar mai dama fura a ƙwaryar da ta cika, ba ki so ta zube. Dunƙule ba ya tsayawa a kan katako. Yana tafiya yake sauka, yana tafiya yake tashi. In kika tsaya don ki amsa sallama, ya manne, ya ɗebo aikin jiya da na shekaranjiya. Na taɓa barin surukata tana ta sallama a tsakar gida har ta yi fushi ta koma. Ta huce daga baya. Da teburin ne ya ɓaci, ba zai huce ba.

A shafa, a bari ya kwana, a bi da samfefa mai laushi, a sake. Haka za a yi ta yi har ƙofofin itacen su cika, ƙyallin ya fito daga ciki. Daga ranar da Maigida ya karkata katakon nan ya mayar mini ba tare da ya kankare ba, duk kayan ɗakin amare da shagonmu ya haɗa ta hannuna suke bi kafin su fita. Shekaru muka yi a haka.

Sai aka cire Kebbi daga Sakkwato. Ma'aikata suka yi ta kwararowa Birnin Kebbi, kowa na neman tebur da kujera, kuma kowa jiya yake so. A lokacin ne Bawa, ƙanen Maigida, ya dawo daga Sakkwato da injin iska da wata aba mai kama da bindiga, da gwangwanaye. Ruwan da ke ciki laka suke ce masa, mu dai feshi muka sa masa, aikina kuma ya zama shafi. Ana sirka shi da tina, wani ruwa mai warin da ke hawa kai. In ya kunna injin nan kajin unguwa sai su watse.

Ku san tsakanin mace da ƙanen mijinta akwai wasa, kuma Bawa bai taɓa barin nasa rabon ya kwana ba. Ya leƙo ɗakin aikina ya ce, "Matar yaya, aje tsumman ga ki huta. Abin da kika kwana da kwanaki kina lallashi, ni kahin la'asar na gama."

Na ce, "Kai da ko tuwo ba ka iya jira shi huce? Tahi ka kashe sauro da bindigarka."

Amma da na fita na ga teburin da ya fesa, na tsaya ina kallonsa. Ba zan yi muku ƙarya don in kare sana'ata ba. Feshi yana da sauri. Yana da tauri. A ɗora masa kofin ruwan sanyi, a ɗauke, a goge, shi ke nan. Folish kuwa sai ya yi farin zobe. Ƙyallin feshi a bisa yake zaune kamar an kifa gilashi a kan katako, daga ƙofa yake kiran ido. Na shafi a ciki yake, kamar zuma a kwalba, sai kin matso kin karkata kai kike ganin zurfinsa. Mai saye kuwa daga ƙofa yake fara kallo.

Aikin da ya raba mu na wani Alhaji Namadi ne, ɗan kasuwar albasa daga Aliero. Da bazara ce, an kwashe albasa, aljihun mutanen Aliero ya yi nauyi, bukukuwa sun taso. Zai aurar da tagwayensa rana ɗaya, Hassana zuwa Giwa Tazo ta ƙasar Maiyama, Husaina zuwa Gehuru nan kusa da mu. Ya ce a yi musu kaya iri ɗaya, gado da wadirob da madubi, kada wata ta fi wata ko da ƙusa. Lokaci ya ƙure, hannuna ba zai iya biyu ba. Sai Maigida ya raba, ɗaya ga Bawa, ɗaya gare ni. Da yake shi ba mai yawan magana ba ne, abin da ya faɗa ya zauna mini daram. Ya ce, "Itace ɗaya na, hannu ɗaya yah haɗa. Wanda mutane sunka hi so, shi shago za ya bi."

Wato in feshi ya ci, an daina shigo da kaya ɗakina.

Da aka gama, tagwayen suka zo gani tare da ƙanwar ubansu, Gwaggo Tumba. Ku riƙe sunan nan. Gajeriyar mace ce mai muryar da ake ji daga tasha, kuma ba a jeren ɗaki a danginsu sai da ita. Hassana ce babba, ita ta fara zaɓe. Ta tsaya gaban wadirob ɗin Bawa ta ga fuskarta har da kwallin idonta, ta ce wannan. Husaina ta shafa allon gadona da tafin hannu, ta yi murmushi, ta ce ita ma dama wannan take so. Ko gaskiya ta faɗa ko kunya ce, Allah ne masani.

Na ja Gwaggo Tumba gefe na ce, "Gwaggo, abu biyu nika roƙo. Kada turaren kwalba shi taɓa kayan ga, don akwai sifirit cikinai, shi ka narka folish. Kuma kada a aza kaskon wuta bisa."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ɗakin amarya ba turare? Ke Kulu, rumbun albasa munka zo jerawa?"

Ranar jere ta fara da Giwa Tazo. Ta fesa turare ko'ina, gado, labule, wadirob, har bayan ƙofa. Wata ta bi da ƙyalle ta goge wanda ya zuba a kan katako, feshin Bawa ko gezau. Ta zo Gehuru da sauran kwalbar da ƙwarin gwiwa. Ta yayyafa wa allon gadon Husaina, ta ɗora kaskon turaren wuta a kan teburin madubi don ɗakin ya kama da kyau, suka ja ƙofa suka tafi cin abinci. Da suka dawo, allon gadon ya yi ɗigo-ɗigo kamar wanda ya tashi daga ƙyanda, ga zoben kasko fari fat a kan tebur. Dangin ango kuma suna hanya.

Aka rufa zanen gado a kan allon, aka ɗora faranti a kan zoben, biki ya wuce. Da gari ya natsa na ɗauki kwalbata da dunƙulena a jaka na tafi Gehuru. A cikin ɗakin na zauna, Husaina na miƙo mini ruwa. Shi folish sabo yana narkewa cikin tsoho su zama abu ɗaya, don haka wurin da ya ɓaci kawai ake bi. Kafin in bar garin, ko ita Husaina ta kasa nuna inda ɗigon yake. Sai dai gyaran mu biyu muka gani. Ɓarnar kuwa matan biki duka sun gani, kuma kowace da garin da ta koma.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. Duk uwar da ta zo yi wa ɗiyarta kaya, kafin ta zauna sai ta ce, "Irin na Hassana, ba irin na Husaina ba." Kaya suka daina shigowa ɗakina. Folish ɗin da na jiƙa ya tsufa a kwalba, don in ya daɗe a jiƙe ba ya bushewa, sai danƙo. Na zubar. Ɗakin aikina na cika shi da ganyen albasa daga Aliero, na koma daka shi ina dunƙula gabu ina shanyawa, yara na kai mini kasuwa. Hannun da ke jan ƙyalli daga maɗaci ya koma warin gabu. Bawa in ya shigo cin tuwo sai ya tsaya ƙofar ɗakin ya shaƙi iska ya ce, "Matar yaya, wanga sabon folish naki akwai ƙamshi." Ni kuma in ce, "Sha nono, tina ta cinye maka ƙirji, kana tari kamar tsohon rago." Don gaskiya tana cinsa, ɗan ƙyallen da yake ɗaurewa a hanci ba ya tare komai.

Na riga na fara tunanin ba da kwalaben nan ga masu sayar da man gyaɗa.

To a damina ta biyu Hassana ta tafi Aliero haihuwar fari, kamar yadda aka saba, ta haihu lafiya, ta zauna wankan jego a gidan iyayenta. Ɗakinta na Giwa Tazo yana kulle. Ashe kwanon rufin ya huje daidai kan gado. Ruwa ya yi ta ɗiga, itace ya sha ya kumbura, rana ta fito ya koma. Shi kuwa feshi ba ya bin itace in ya motsa. Ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, ya fara ɓarewa. Ƙofar wadirob ta yi fari. Da arba'in ta matso, mijinta Sa'idu ya buɗe ɗakin don a share, ya ga abin da ya gani.

Sa'idu yaron kirki ne, manomi, yana son matarsa. Wannan son ne ya kusa kashe masa aure. Ya ce ba za ta dawo da jariri ta tarar da gadonta haka ba, kuma ba zai gaya wa kowa ba, so yake ta shigo ta ga kaya sun koma sababbi. Ya hau keke ya zo wurin Bawa. Bawa ya ce feshi ba a yi masa faci da hannu, sai an kankare an sake fesawa. Injin kuma wuta yake so, Giwa Tazo babu wuta. Ko da akwai, shi namiji ba zai shiga ɗakin matar aure ya cika shi da tina ba. Don haka a kawo kayan Jega. Maza biyu suka haɗa kai suka yanke shawara, ba wanda ya tuna ya tambayi mace ko ɗaya.

Ku da kuke 'yan ƙasar nan kun san abin da ake nufi in aka ga kayan ɗakin mace a bayan mota, sun fito daga gidan mijinta. Gadon mace sau ɗaya yake shiga da guɗa. In ya fito, aure ne ya mutu. Sa'idu ya ɗauko akori-kura da hantsi, ya ɗora gado da wadirob da madubi, matar kuma ba ta gida. Tun kafin motar ta bar gari mata suka bar guga a rijiya. Da suka iso Maiyama, ranar kasuwa, taya ta yi faci daidai bakin kasuwar. Gadon Hassana ya yi zamansa a sama yana kallon jama'a, jama'a na kallonsa. Wadirob ɗin nan kuwa an san shi, shi ne wanda ake cewa "irin na Hassana". A kasuwar akwai 'yan albasa na Aliero. Wani ya hau kabu-kabu.

Kafin a gama liƙe taya, labari ya isa Aliero cewa an saki Hassana tana cikin jego, har an kwashe mata kaya. Aka ce Hassana ta zauna da jariri a cinya ta kasa ko kuka. Alhaji Namadi ya sa takalmi ya cire, ya sake sawa. Gwaggo Tumba ba ta tsaya neman takalmi biyu iri ɗaya ba.

Ina tsakar gida ina juya gabu na ji muryarta a ƙofar shago. Na ja mayafi na fito zaure. Ga kaya an sauke, ga Sa'idu zaune kan benci yana shan fura hankali kwance, ga Bawa yana sirka tina.

Ta tsaya kan Sa'idu ta miƙa hannu. "Ba ni takardar ɗiyata."

Ya ajiye ludayi ya durƙusa. "Gwaggo, ina wuni. Wace takarda?"

"Ka kwashe mata kaya ka biyo da su tsakar kasuwar Maiyama, ka ce mani wace takarda? Mi tay yi maka? Ɗa namiji ta haiho maka, ko ƙafa ba ta aje ƙasa ba!"

"Wallahi Gwaggo gyara na. Ruwa yab ɓata gadon, nic ce a gyara kahin ta komo."

"Gyara! Wa kag gaya ma? Ubanta ya sani? Uwarka ta sani?"

"So nike ta yi mamaki."

"To ta yi! Aliero duk ta yi!"

Bawa ya matso yana goge hannu, ya fara bayanin inji da wutar lantarki. Ta juyo ta ce, "Kai kuma mai bindiga, ba da kai nike ba tukuna, layinka na zuwa." Ya koma bayan wadirob.

Sa'idu sai a lokacin abin ya sauka masa. Ya ce, "Inna lillahi. Cewa anka yi na sake ta?"

Ni kuwa na ce, "Gwaggo, sannu da hanya. Ba dai da turare kinka zo ba?"

Ta harare ni. "Kulu, yau ba ranar wasa ba ta."

Na ce, "Na sani. Bawa, yaushe za ka gama?"

Ya leƙo ya ce in an kawo wuta, kwana kaɗan. In ba a kawo ba, sai yadda Allah ya yi.

Na ce, "Gadon ga in ya kwana Jega ko dare guda, ko Sa'idu ya dafa Alƙur'ani ba mai yarda. A maida shi mota yanzu, da rana, ta hanyar da yaz zo. Ni za ni bi shi in gyara shi cikin ɗakinta."

Bawa ya ce, "Folish ba ya zama bisa feshin da ya ɓare, matar yaya."

Na ce, "Shi ya sa za ka ba ni tinarka in wanke ƙazantarka tukuna."

Ya duba yayansa. Maigida yana tsaye bakin shago tun ɗazu. Ya shiga ciki, ya fito da damin samfefa da ƙullin ƙaro sabo, wanda ban ma san ya ajiye ba, ya sa a gaban mota.

Haka muka koma. Ni da Gwaggo Tumba a gaba kusa da direba, Sa'idu a baya rungume da madubi. Da muka iso kasuwar Maiyama ta ce a tsaya. Ba abin da za ta saya. Ta sauko ta bi rumfa-rumfa tana gaisawa da mutanen da ba ta taɓa gani ba, da muryar nan tata. "Ina wuninku! Kayan ɗiyata na, gida za mu maida su! Mijin na can baya, ku gaishe shi, son matarshi yay yi mashi yawa!" Sa'idu ya ɓoye fuska bayan madubi, ya manta ta gaban madubin mutane ke ganin kansu suna dariya. Daga nan ta tura ɗan kabu-kabu Aliero da saƙon cewa Alhaji ya cire takalminsa.

Aikin Giwa Tazo shi ne mafi wuya da na taɓa yi. Aka fara toshe kwano. Na buɗe taga da ƙofa, na jiƙa feshin da tina har ya yi laushi, na bi da fasasshen gilashi ina kankarewa a hankali, ina bin jijiyar itace, don in kika gitta ta tabon ba ya fita. Cikin sassaƙar allon gado da tsinke na bi. Idona ya yi ja, kaina ya yi ta sarawa, na ƙara jin tausayin Bawa amma ban gaya masa ba. Sai da itace ya bushe, warin ya fita, sannan na jiƙa ƙaro. Da damina folish yana da ƙyuya, in iska ta yi sanyi sai ya yi hazo, don haka sai rana ta take nake ɗaukar dunƙule.

Matan garin suka yi ta shigowa. Ba don ni ba, so suke su gani da idonsu gadon ya dawo da gaske. Amma wadda ta shigo ba ta saurin fita. Su zauna bakin ƙofa da kaba a hannu suna saƙa, suna kallon maɗaci yana canja launi. Ban ɓoye musu komai ba. Na ce wannan ba ya son turaren kwalba, ba ya son kasko, kofin ruwa ma sai da faifai a ƙarƙashi. Na Bawa ya fi shi juriya, kuma da ba a bar shi ƙarƙashin ɗigon ruwa ba da yana nan yana ƙyalli.

Wata dattijuwa ta ce, "To in naki ya ɓaci fa? Shi ma sai an hidda shi waje?"

Na ce, "A'a, Inna. Shi yana nan inda yake. Ni ka shigowa."

Suka dubi juna. Kafin in gama gadon Hassana, an kira ni gida-gida a garin, wannan kabad, waccan akwatin uwarta. Abubuwan da suka daɗe da ɓaci, masu su sun gwammace su rufa musu zane da a gan su a ƙofar gida.

Hassana ta dawo ranar arba'in. Ta tsaya gaban wadirob, ta karkata kai, ta ce, "Inna Kulu, yanzu ban ganin kwallina." Na ce madubi na nan gefe, aikinsa ke nan. Ta juya ga mijinta ta ce, "Malam, in ka sake tashin ba ni mamaki, ka aiko a gaya mani tukuna."

Daga wannan shekara shago ya rabu biyu ba tare da kowa ya zauna ya raba ba. Teburin ofis, kujerun falo, ƙofofi, bencin makaranta, duk abin da ke zama inda maza ke shiga da fita da kofin shayi, na Bawa ne, kuma daidai ne, ko ni aka tambaya feshi zan ce. Abin da zai shiga ɗakin mace kuwa, uwaye suka koma cewa a kai wa Kulu. Na kwashe ganyen albasa daga ɗakina, na yi kwanaki ina turara shi, don folish ba ya son maƙwabtaka da gabu. Gwaggo Tumba ba ta daina turare ba har ta koma ga Allah, amma ta koma fesa wa labule, kuma duk ɗakin da ta shiga jere sai ta daka wa 'yan mata tsawa kada wadda ta aza kasko a kan katako, kamar ita ta ƙirƙiro dokar.

Bawa bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, ni ma ban taɓa cewa ya yi ba. Muka ci gaba da tsokanar juna shekara da shekaru. Sai da babbar ɗiyarsa ta tashi aure, can wani ƙauye bayan Aliero za a kai ta. Da safe ina tace ƙaro na ji sallama a bakin ɗakin aikina, ƙasa-ƙasa, ba irin tasa ba. Na ɗaga kai, ga Bawa da allon gado a kafaɗa, fari, ko ɗigon feshi babu.

Na ce, "Ikon Allah. An ɗauke wuta?"

Ya ce, "Akwai wuta."

"Bindigar ta toshe?"

"Lahiyarta lau."

"To mi ya kawo ka ɗakin tsumma da ruwa?"

Ya sauke allon ya jingina da bango a hankali, ya tsaya yana shafa gefensa da yatsa. Ya ce, "Matar yaya, bar wasa. Ɗiyata ta. Ban son gadonta shi ga ƙofar gida sau biyu."

Na ce ya je ya ɗauko sauran, kuma ya kakkaɓe rigarsa a waje kafin ya shigo.